Yadda Ake Tsara Shara a Gidan Haya na Zango, Daga Bakin Murhu Zuwa Hannun Mai Kwashewa

Gidan da yake da ɗaki goma sha biyu a unguwannin Accra, babban birnin Ghana, irin su Nima, ko Maamobi, ko Sabon Zango, sau da yawa iyali goma sha biyu ne a cikinsa, kowane da murhunsa, kowane da bokitin shararsa, alhali ƙofar fita ɗaya ce, kwatar da ta bi ta gaban gidan ma ɗaya ce. Idan iyali goma sha ɗaya sun kiyaye, ɗaya kuma ya ci gaba da tura ɗansa da daddare ya juye bokiti a kwata, wahalar sauran ta tashi a banza, domin ƙuda da sauro da ruwan da ya toshe ba sa tambayar ɗakin da laifin ya fito. Saboda haka na gina tsarin da zan bayyana a kan gida gaba ɗayansa, tun daga mai gida har ɗan hayan da ya tare jiya, kuma ginshiƙinsa abu ɗaya ne, wato kada jiƙaƙƙiyar shara ta haɗu da busasshiya tun daga bakin murhu. Sauran matakan duk a kan wannan suke tsaye.

Yana da kyau a fara sanin inda abin da ake jefawa a kwata yake ƙarewa. Ƙananan kwatocin Nima da Maamobi suna zuba a babban lambatun Nima, shi kuma ya kai ruwansa kogin Odaw, wanda ya ratsa ta shataletalen Kwame Nkrumah ya faɗa tafkin Korle kafin ya shiga teku. A daren 3 ga Yunin 2015 ruwan sama ya cika wannan hanya da yashi da shara suka riga suka cushe, ya malala cikin gari, mai ya bi ruwa daga wani gidan mai da ke kusa da shataletalen, wuta ta kama, mutum fiye da 150 suka rasu, Allah ya ji ƙansu. Shekara guda kafin haka, a 2014, kwalara ta kama mutum fiye da 28,000 a Ghana, ta kashe fiye da 200, kuma yankin Accra ne ya fi jin jiki. A Nuwamban wannan shekara ce gwamnati ta ware Asabar ta farko a kowane wata a matsayin ranar tsafta ta ƙasa. Gyaran manyan magudanan ruwa aikin hukuma ne, kuma muna da haƙƙin matsa mata lamba a kai, amma ledar da take toshe su daga hannunmu take fita.

Mataki na farko: a zauna da mutanen gida

Kafin a sayi ko da bokiti ɗaya, a fara da mai gida, ko wakilin da ya bar wa riƙon gidan, domin ɗan haya ba ya kafa wa ɗan haya ɗan'uwansa doka ta zauna. A same shi a lokacin da hankalinsa yake kwance, bayan la'asar ko bayan isha'i, a gaishe shi yadda ya kamata, sannan a kawo maganar ta fuskar da ta shafe shi. Ana iya cewa: "Baba Alhaji, mun ga damina ta gabato, kwatar ƙofar gida kuma ta fara cika, shi ne muka ce mu nemi izininka mu tsara yadda za a riƙa fitar da shara, don kada tankas, masu duba tsaftar gari, su zo su rubuta wa gidan sammaci." Wannan magana gaskiya ce, domin tun farkon 2022 aka fara aiwatar da shirin tsaftace ƙofar gida a yankin Accra, wanda ya ɗora wa masu gidaje da masu shaguna alhakin tsaftar gabansu har da kwatar da ta bi ta wurin.

Idan ya amince, sai a tara kowa a tsakar gida. A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi: taron da aka yi babu matan gida, taron banza ne. Su ne suke girki, su ne suke shara da asuba, su suka san ɗakin da ake fere doya kullum da ɗakin da abincin leda kawai ake shigowa da shi. Idan akwai Hajiyar da kowa yake jin nauyinta a gidan, a roƙe ta ta jagoranci lamarin, a ce mata: "Mma, ke ce babba a cikinmu, idan kika faɗa ba mai ƙetarewa." A wannan zama za a yanke abubuwa uku, wato inda za a ajiye mazuban shara, wanda zai riƙe kuɗi, da yadda za a raba kuɗin kwashewa. Game da na ukun, adalci shi ne mai sayar da waakye ko koko da ƙosai, wadda take dafawa a cikin gidan don kasuwa, ta ba da fiye da gwauron da sai dare yake shigowa. Idan ba a faɗi wannan a fili tun ranar farko ba, zai dawo ya zama gunaguni bayan wata biyu.

Mataki na biyu: a raba shara tun daga inda ta fito

Wani bincike da masana daga jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi suka wallafa a 2015 ya nuna cewa kimanin kashi 61 cikin 100 na sharar gidajen Ghana abu ne mai ruɓewa, roba kuma kimanin kashi 14 ce. Ma'ana, fiye da rabin abin da muke biyan kuɗi a ɗauka ɓawo ne da ganye da ragowar abinci, kuma shi ne mai nauyi, shi ne mai wari, shi ne yake ɓata sauran. Ledar fiya wata, wato ruwan sha na leda, da ta bushe tsaf kaya ce ta sayarwa, amma da zarar miya ko ruwan kifi ya taɓa ta, mai saye zai ture ta gefe. Kwali ma haka ne, idan ya jiƙe ya tashi daga aiki.

Ba a buƙatar sayen kaya masu tsada. Kowane ɗaki ya tanadi bokiti ɗaya mai murfi don jiƙaƙƙiyar shara, tsohon bokitin fenti ya wadatar, da buhun shinkafa guda da za a rataye a ƙusa don busasshiya. A tsakar gida kuma, a wurin da ruwan sama ba ya duka kuma ba kusa da wuta ba, a ajiye manyan buhuna: na ledar fiya wata, na kwalaben roba, na gwangwani da ƙarfe, sai wuri busasshe da za a jingine kwali. Tsohon galan mai ruwan ɗorawa, irin wanda ake kira galan ɗin Kufuor, idan aka yanke samansa yana yin mazubi mai kyau, sai dai a huda gindinsa don kada ruwa ya kwanta a ciki sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa. Tun da ba kowa ne yake karatun boko ba, kuma yara ne suka fi zuwa zubarwa, maimakon rubutu gara a ɗaura samfurin abin a bakin kowane buhu: leda ɗaya a wannan, kwalba ɗaya a wancan. Sai kuma gwangwanin madara babba ko bokitin ƙarfe mai murfi, a ɗora shi inda hannun yaro ba ya kaiwa, don abubuwa masu haɗari da za mu zo kansu.

Makon farko da na biyu za a yi ta samun kuskure. Kada a yi faɗa, kada kuma a kunyata kowa a gaban jama'a. Wanda aka ba alhakin duba buhunan ya gyara da kansa, sannan ya yi wa mai kuskuren magana a keɓe.

Mataki na uku: abin da yake ruɓewa

Bokitin jiƙaƙƙiyar shara bai kamata ya wuce kwana biyu a ɗaki ba, domin a zafin Accra ƙwan ƙuda yana zama tsutsa cikin kwana ɗaya. Kafin a zuba ragowar abinci a ciki a tsane ruwansa, a kuma shimfiɗa 'yar toka mai sanyi ko tsohuwar takarda a gindin bokitin, hakan yana rage wari sosai.

Hanya mafi sauƙi a zango ita ce ta dabbobi. Kusan kowane lungu akwai mai kiwon tumaki ko awaki ko shanu, kuma ɓawon doya da na agada da na rogo, da ganyen kabeji da dusar masara, abinci ne da yake nema har da kuɗinsa. A yi yarjejeniya da mai kiwo ɗaya ya riƙa aiko yaro kullum da yamma. Sharaɗi biyu ne a nan. Na farko, a shanya ɓawon rogo a rana ya bushe kafin a ba dabba, domin ɗanyensa yana ɗauke da guba da rana take ragewa. Na biyu, kada ko guntun leda ya shiga ciki. Duk mahaucin da ya daɗe yana feɗe dabbobin cikin gari ya sha ciro dunƙulen leda daga tumbi, kuma tunkiyar da take ramewa alhali ana ba ta abinci, sau da yawa wannan ce cutarta. Ɓawon kwakwa kuwa, idan ya bushe, masu bandar kifi da masu dafa dokunu suna karɓarsa don hura wuta, amma kafin su zo a kife shi, kada ya tara ruwa.

Gidan da yake da ɗan fili a baya yana iya yin taki. A samu duro na roba, a huda shi ta gefe da ta ƙasa da yawa don iska ta shiga, a ɗora shi a kan bulo biyu. A fara da busasshen abu a ƙasa, irin ganyen da aka share, ko garin katako daga wurin kafinta, ko kwalin da aka yayyaga ƙanana, sannan a zuba ɓawo da ganyen miya, a sake rufewa da busasshe. Ƙa'idar ita ce busasshen abu ya ninka ɗanye sau biyu ko kusan haka, kuma kullum busasshe ne a sama. Sau ɗaya a mako a juya da sanda. Idan ya fara wari, ruwa ya yi yawa, sai a ƙara garin katako. Idan kuma ya bushe ƙayau ba ya canzawa, sai a yayyafa ruwa kaɗan. Nama da kifi da mai ba sa shiga duro, domin su ne suke gayyato ɓera. Cikin wata biyu zuwa uku zai zama baƙar ƙasa mai ƙanshin damina, wadda za a iya shuka barkono da alayyafo da ita a buhu, ko a kai wa masu lambun Dzorwulu, waɗanda da yawansu 'yan'uwanmu ne daga arewa. Irin wannan aikin ne masana'antar taki da ke Adjen Kotoku take yi da injuna tun 2012, sai dai ita tana fama da tsince roba daga cikin sharar da ta zo mata a cakuɗe.

Toka daga kurfoti, wato murhun gawayi, tana buƙatar kulawa ta daban. A bar ta ta kwana ta huce sarai kafin a haɗa ta da komai, domin garwashi ɗaya da ya ɓuya a ciki ya isa ya kunna wuta a buhun leda ko a babbar kwantenar unguwa.

Mataki na huɗu: abin da yake da kasuwa

Ledar fiya wata ce ta fi yawa a kowane gida, kuma tana cikin robar da ta fi saurin samun mai saye a Accra. Bayan an sha, a yage ta sosai, a zazzage sauran ruwan, a jefa a buhu. Idan buhun ya cika a danna da ƙafa a ƙara. Ana sayenta ne a kan kilo, kuma tun da ba ta da nauyi, ɗaki ɗaya zai daɗe bai tara abin kirki ba, amma gida guda ko gidaje uku da suka haɗa kai suna tara abin da zai sa mai saye ya zo har ƙofa da sikelinsa. Masana'antu suna wanke ta, su narka ta su mayar da ita ƙananan ƙwayoyi, daga nan a yi baƙar leda da wasu kayan roba. Kamfanin Nelplast da ke kusa da Ashaiman ma yana haɗa tsohuwar roba da yashi yana buga bulon daɓe.

Kwalaben ruwa da na lemo, masu lamba 1 a cikin alamar kusurwa uku da ke gindinsu, hanya biyu gare su. Masu tsafta waɗanda ba su lotse ba, masu sayar da sobolo da burkina da manja da sabulun ruwa suna nemansu. A nan sai an ji tsoron Allah: kwalbar da aka taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari ko bilic a cikinta, a huda ta kafin a saka ta a buhu, don kada ta koma hannun mai sayar da abin sha. Sauran kuma a cire murfi, a take su su baje, domin buhu ya ɗauki da yawa. Fasassun bokitai da kujerun roba da baho da galan kaya ne masu nauyi da suke da masu sayensu, kada a haɗa su da leda.

Ƙarfe ba ya buƙatar dogon bayani, domin 'yan kondem, masu sayen tsohon ƙarfe, suna zagaya lunguna kullum da kurarsu, kuma abin da suka tara yana ƙarewa a masana'antun ƙarfe na Tema, inda ake narka shi a yi rodi. Abin lura shi ne a ware alminiyam da tagulla daga baƙin ƙarfe kafin a yi ciniki, domin kuɗinsu ya fi, kuma maganaɗisu ɗan ƙarami ya isa ya bambanta su, tun da baƙin ƙarfe kaɗai yake kamawa. Gwangwanin lemo da tsohuwar tukunya su ne maƙeran zubi suke narkawa su yi manyan tukwanen da ake dafa abincin suna da biki. Gwangwanin tumatir da na kifi a ɗauraye su, a lanƙwasa murfin ciki don kada ya yanki hannu. Kwali a buɗe shi a shimfiɗe a ɗaure da igiya. Kwalbar gilashi da kanti yake karɓa a mayar masa. Sauran ana samun masu tarawa, har mutanen Krobo da garin kwalba suke yin duwatsun ado da aka san su da su. Fasasshen gilashi kuwa a naɗe shi a kwali a ɗaure, a kuma gaya wa mai kwashe shara abin da ke ciki, domin da yawansu da hannu tsirara suke aiki, kuma haƙƙinsu yana wuyanmu.

Farashi yana hawa yana sauka, don haka a tambayi masu saye biyu ko uku kafin a tsaya da ɗaya, a kuma tsaya a ga awo da ido. Kuɗin da za a samu ba zai gina gida ba, kuma bai kamata a yi wa mutane alkawarin abin da ba zai zo ba. Amma idan an riƙe shi da amana yana rage kuɗin kwashe shara, ya sayi tsintsiya da safar hannu da shebur. A samu littafi ɗaya, a rubuta kowane sidi da ya shigo da wanda ya fita, a karanta wa mutanen gida a ƙarshen wata ko da kuɗin kaɗan ne. Tsare-tsare irin wannan sun fi mutuwa ta dalilin zargi a kan kuɗi fiye da ta dalilin lalaci.

Mataki na biyar: abubuwan da ba a haɗa su da komai

Akwai shara kaɗan da illarta ta fi girmanta. Batirin tocila da na rediyo a tara su a gwangwanin nan da aka ɗora sama. Batirin waya, musamman wanda ya kumbura, a manne bakinsa da salatif, a sa shi a cikin yashi, nesa da rana da wuta, domin idan aka huda shi ko aka matse shi yana kamawa da wuta. Batirin mota da na babur yana ɗauke da dalma da asid, a sayar da shi a rufe yadda yake, kada a zubar da ruwansa a ƙasa, kada kuma a bari yara su fasa shi, domin dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro taɓawar da ba ta gyaruwa. Dogon ƙwan lantarki da mai murɗaɗɗen gilashi suna da zaiba a ciki, a mayar da su kwalinsu ba tare da an fasa ba. Allurar masu ciwon suga da reza a zuba su a kwalba mai kauri mai murfi, idan ta kusa cika a rufe a kai asibiti ko kantin magani a nemi su haɗa da nasu. Maganin da ya lalace ma can ya kamata a kai shi a nemi shawara, kada a zuba a kwata ko a bar shi inda yaro zai ɗauka. Baƙin man inji kuwa a juye shi a galan a mayar wa makaniki.

Tsohuwar waya da talabijin da firji, a fara kai su wurin mai gyara, domin abin da ya mutu a wurinka kayan gyara ne a wurinsa. A 2016 Ghana ta kafa doka a kan shara mai haɗari da ta kayan lantarki, wato doka mai lamba 917, kuma a watan Yulin 2021 hukuma ta rushe kasuwar gwangwan ta Agbogbloshie, inda aka daɗe ana ƙona wayoyin wuta don ciro tagulla. Rushewar ba ta kashe sana'ar ba, ta watsa ta ne cikin unguwanni, kuma yaran da suke shaƙar wannan hayaƙi yawancinsu 'ya'yan arewa ne. Wanda yake da wayar wuta ta sayarwa, gara ya fere robar da wuƙa ya sayar da tagullar a tsaftace, ya samu kuɗi mafi kyau, ya kuma hutar da ƙirjin wani.

Mataki na shida: ragowar da ba ta da mai so

Bayan an cire duk waɗannan, abin da zai rage bai da yawa: famfas ɗin yara, audugar mata, farin mazubin abinci mai kama da soso, baƙar ledar da ta ɓaci da mai, da tsummokara. Famfas a juye ƙazantar a bayan gida, a naɗe shi a ɗaure a leda. Wannan ragowar ita ce za a biya kuɗi a ɗauka, ta ɗaya daga cikin hanyoyi uku: motar kamfanin da asambili, wato ƙaramar hukuma, ta ba yankin, irin su Zoomlion, ga gidajen da suke bakin titi, babbar kwantenar unguwa, inda ake biya a zuba, ko mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da yake shiga lungun da mota ba ta shiga.

Idan mai aboboya ne ko ɗan kaya bola, mai bi gida-gida yana ɗaukar shara a biya shi, a tsaya da mutum ɗaya da aka san fuskarsa da lambar wayarsa, a kuma tambaye shi kai tsaye inda yake kai kayan. Wanda kuɗinsa ya yi arha fiye da kima abin tuhuma ne, domin shi ma ana karɓar kuɗi a hannunsa a wurin juyewa, kuma idan abin da aka ba shi bai kai ba, ƙarshenta a bakin lambatu zai sauke. Wanda bai san kamfanin da aka ba yankinsa ba ya tambayi ɗan asambilinsa ko ofishin lafiyar muhalli: Nima tana ƙarƙashin Ayawaso ta Gabas, Maamobi tana Ayawaso ta Arewa, Sabon Zango kuma tana Ablekuma ta Tsakiya.

Abubuwa uku ya kamata gida ya haramta wa kansa. Kada a aiki ƙaramin yaro da shara shi kaɗai, musamman da duhu, domin kwantena ta fi tsayinsa, kuɗin da aka ba shi kuma yana da abin da zai saya da su. Kada a ƙona shara a lungu, domin hayaƙin roba yana shiga ɗakunan da jarirai da tsofaffi da masu asma suke kwance, kuma roba irin ta bututun ruwa da ta jikin wayar wuta tana fitar da guba mai tsanani idan ta ƙone. Na uku shi ne wanda ya fi yi mana ɓarna: fitowa da bokiti a juye a kwata da zarar ruwan sama ya kece, da tunanin ruwa zai tafi da shi. Ruwan yana kai shi ne gadar farko da ya tarar, ya cushe ta, sannan ya juyo ya shiga ɗakunan mutanen da suke gangare.

Mataki na bakwai: daga gida zuwa lungu

Idan tsarin ya zauna a gida ɗaya na wata biyu ko uku, maƙwabta da kansu za su fara tambaya, kuma wannan ne lokacin faɗaɗawa. A je wurin limamin masallacin lungu a roƙe shi ya yi tsokaci bayan salla. Hadisan da suka ce tsarki rabin imani ne, kuma kawar da abu mai cutarwa daga hanya sadaka ce, kowa ya san su, abin da ya rage shi ne a haɗa su da buhun da ke ƙofar masallaci, inda masu alwala da fiya wata za su riƙa jefa leda. Makarantar allo da ta islamiyya ma su samu nasu buhun. Samarin da suke zama a bes, wato majalisar hirarsu, su ne ƙarfin aikin gayya, kuma sun fi ba da haɗin kai idan an shawarce su tun farko an ba su riƙon wani ɓangare, maimakon a tashe su da safe a miƙa musu shebur. A sanar da sarkin unguwa da ɗan asambili kafin a sa rana.

Babbar damina a Accra tana farawa wajen Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni, don haka yasar kwata ta fi amfani a Maris, a maimaita a Agusta kafin ƙaramar damina. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a kwashe laka da shara a tara a bakin kwata, a ɗauki hoto a watse, ruwan farko kuma ya mayar da komai inda aka ciro shi. Kada a fara yasa sai an tabbatar da abin da zai ɗauke tarin a ranar, ko motar asambili ko aboboya da aka yi karo-karo aka biya. Masu shiga kwata su sa takalmin roba da safar hannu, wanda yake da ciwo a ƙafa kuma kada ya shiga.

Ranakun taro suna buƙatar shiri na musamman, domin sharar suna ko biki ko addu'ar kwana arba'in ta fi ta mako guda. Mai taro ya sa buhuna a kusurwoyin rumfa tun kafin baƙi su iso, ya ɗora yara biyu a kan tsince leda da kwalba kafin a fara shara, domin idan tsintsiya ta haɗa su da ƙasa da shinkafa sun ɓaci. Babbar Salla ta fi kowace rana nauyi. Inda akwai ƙasa a haƙa rami don jini a rufe shi da toka da ƙasa. Inda siminti ne a tare jinin a baho kada ya gangara kwata. Abin cikin tumbi taki ne mai kyau, a zuba shi a buhu a ba masu lambu ko a sa a duron taki a rufe da garin katako mai yawa. Fatar da ba za a babbaka ba a zuba mata gishiri a ranar a miƙa wa masu saye, ƙaho da ƙashi kuma a ɗaure su daban. Mai aboboya a kira shi tun ana jibi Salla a gama ciniki, a sa masa lokaci da yammacin ranar yanka, domin a ranar kowa nemansa yake yi.